Sharhi: Jari na bin kasuwancin intanet, wa zai ƙera kwamfutar da za ta jure ƙurar Kafanchan?

Wanda duk ya bi hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, ya yada zango a Fadan Kagoma, hedikwatar masarautar Gwong da ke ƙaramar hukumar Jema'a a jihar Kaduna, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da laima da ɗan tebur da matashi riƙe da na'urar POS. A wurinsa mai sayar da citta ke karɓar kuɗinta, a wurinsa uba ke tura wa ɗansa kuɗin makaranta, ba tare da kowa ya biya kuɗin mota zuwa banki a Kafanchan ba. Wannan ci gaba ne na zahiri, kuma kamfanonin hada-hadar kuɗi ta intanet ne suka kawo shi.

Sai dai na'urar da ke hannun matashin ba a Najeriya aka ƙera ta ba. Haka wayarsa, haka batirin da yake caza su da shi idan babu wuta. Ranar da turken sadarwa ya mutu, sana'ar tasa ta tsaya cak. Daga nan ne tambayar da masu bibiyar harkar fasaha suka jima suna yi take tasowa: shin ɗokin da ake yi wa kasuwancin intanet bai ɗauke hankalin ƙasar nan daga sauran fannonin ƙirƙira a ilimin kwamfuta ba?

Alƙaluman jari sun nuna inda zuciyar masu kuɗi take. A watan Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. A 2021 aka kimanta darajar OPay a dala biliyan 2, a Fabrairun 2022 kuma ta Flutterwave ta zarce dala biliyan 3. Moniepoint, wanda na'urorinsa suka cika kasuwannin Arewa, ya shiga sahun kamfanonin da darajarsu ta kai dala biliyan ɗaya a Oktoban 2024, shekaru biyar bayan Interswitch ya riga shi. A shekarar 2021, wadda ta zama kakar sababbin kamfanonin fasaha, jarin da ya shigo Najeriya ya haura dala biliyan ɗaya, kuma kaso mafi tsoka ya tafi ne ga masu harkar biyan kuɗi. Duk waɗannan kamfanoni aiki ɗaya suke yi ta fuskoki daban-daban, wato ɗauko kuɗi daga wannan aljihu zuwa wancan, tare da yankar ɗan lada a tsakani. Kuma dukkansu a Legas suka kafa sansaninsu.

Kudancin Kaduna na da abin faɗa a wannan muhawara, domin a nan aka taɓa gwada ɗaya hanyar, tun kafin kalmar intanet ta shiga bakin kowa.

A 1996 aka kafa gidauniyar Fantsuam, wadda ta yi zamanta a unguwar Bayan Loco da ke Kafanchan, bisa jagorancin John Dada da Kazanka Comfort. Sunan unguwar ma tarihi ne. Kafanchan ta bunƙasa ne a matsayin mahaɗar layin dogo tun 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal yake rabuwa, wani ya nufi Kaduna wani ya haura Jos. Da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe, garin ya bi ta, aka bar jama'a da tsofaffin gine-ginen ma'aikatan jirgi da matasa marasa aikin yi. Gidauniyar ta soma ne da bai wa matan karkara ƙananan rance, daga baya ta buɗe cibiyar koyar da kwamfuta, wadda a 2001 ta lashe kyautar Hafkin ta nahiyar Afirka a karon farko da ƙungiyar APC ta bayar da ita.

Abin da ya fi jan hankali a tarihin nan shi ne darasin da kwamfutocin suka koya wa masu gidauniyar. Yawancinsu kwance ne da aka gyara aka aiko daga Turai, an ƙera su don ofisoshi masu sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. A Kafanchan sai suka tarar da abokan gaba uku: zafi, ƙura da wutar lantarki mai zuwa sa'ad da ta ga dama. Kwamfutar tebur ta wancan zamani tana da fanka a cikinta mai zuƙo iska don sanyaya ƙwaƙwalwarta. A lokacin hunturu iskar da take zuƙowa ƙura ce zalla, wadda ke taruwa a kan sassan ciki har zafi ya kashe su. Rumbun ajiyarta faifai ne mai juyawa, wanda ɗaukewar wuta farat ɗaya kan lalata shi tare da duk abin da ke ciki. Ga kuma cin wuta, wanda ke tilasta a tayar da janareta domin ɗalibai goma su koyi buga rubutu.

Maimakon su ci gaba da zuba ruwa a rariya, sai mutanen Fantsuam suka haɗa kai da wani ƙaramin kamfanin Ingila mai suna ExpLAN domin tsara kwamfutar da aka raɗa wa suna Solo. An tsara ta ne ba fanka, ba wani sashe mai motsi a ciki, a rufe ruf yadda ƙura ba za ta sami ƙofa ba. Ƙwaƙwalwarta samfurin ARM ce, irin wadda ba ta cin wuta, ta yadda na'urar gaba ɗaya ba za ta ja watt 10 ba, a lokacin da kwamfutar tebur ke jan ninkin-ba-ninkin haka. Ƙaramin farantin sola da batir sun ishe ta. Burin kuma shi ne a riƙa harhaɗa ta a Kafanchan, a horar da 'yan gari su gyara ta.

Solo ba ta shiga kasuwa yadda aka yi fata ba. Amma duk wanda ya duba abin da ya biyo baya zai ga cewa masu tunanin ba su yi kuskuren hanya ba. Wayar da ke hannun kusan kowane ɗan Najeriya a yau tana aiki ne da ƙwaƙwalwa samfurin ARM, ba ta da fanka, ba ta da faifai mai juyawa. A 2012 wasu masana a Kambirij ta Ingila suka fitar da Raspberry Pi, 'yar kwamfuta mai girman katin banki da ke kan wannan tsari, aka kuwa sayar da miliyoyinta a duniya. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix, ya mamaye kasuwar Afirka ne ta hanyar amsa irin tambayoyin da aka yi a Bayan Loco: batir mai daɗewa ga wanda ba shi da wuta, gurbin layi biyu ga wanda sabis ke yi wa wasa, kyamarar da ke fitar da fuskar baƙar fata da kyau. An yi tambayar a Kafanchan, aka ba da amsa a Shenzhen, ribar kuma ta zauna can.

Ba a kwamfuta kaɗai gidauniyar ta tsaya ba. Da tallafin cibiyar IDRC ta ƙasar Kanada, ta kafa Zittnet, wadda ake ambato a matsayin ta farko a karkarar Najeriya wajen rarraba intanet ba tare da waya ba. Sunan ya samo asali ne daga kalmar da ke nufin "namu" a harshen yankin. Ana karɓo intanet daga tauraron ɗan'adam a kan farashi mai tsada, sannan a watsa shi daga turke mai tsawon mita 45 zuwa makarantu da cibiyoyin lafiya da wuraren ibada da masaukin baƙi, kowa ya biya kasonsa. Domin cibiyar ta rayu sai da aka haɗa mata tarin batura da farantan sola, aka gina ɗakin na'urorin da tubalin jar ƙasa mai riƙe sanyi. A 2008 guguwar farkon damina ta kayar da turken, aka sake ɗaura ɗamara. Wannan duk aikin injiniya ne mai wuya, mai cin lokaci, irin wanda ba ya ninka jarin kowa sau ɗari cikin shekara biyar.

A nan ya kamata a yi wa masu kasuwancin intanet adalci. Ba su ne suka kashe Solo ba. Ƙera na'ura harka ce da sai an yi dubbai kafin farashi ya sauko, kuma ƙaramar ƙungiya a Kafanchan ba ta da ƙarfin gogayya da masana'antun Asiya, musamman da ƙananan kwamfutocin cinya masu rahusa suka cika kasuwa a ƙarshen shekarun 2000. Ko shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfuta, wanda aka gwada a wata makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007, duk da manyan da ke bayansa, bai yi nisa a Najeriya ba. Kamfanonin cikin gida irin su Zinox da Omatek da suka soma harhaɗa kwamfuta sun yi ta fama da tsadar wuta da ta kayan da ake shigowa da su. Sannan jarin da ke zuwa daga waje ba baitulmali ba ne da aka karkatar. Kuɗin 'yan kasuwa ne da suka zo neman riba, kuma da babu harkar biyan kuɗi da akasarinsu ba su zo ba sam. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da manhajojin wasu manyan bankuna suka riƙa sarewa, waɗannan sababbin kamfanoni ne suka ɗauki nauyin ciniki a kasuwanni da dama. Hasali ma Fantsuam ita kanta da rancen mata ta fara, wato ta san cewa kuɗi a hannun talaka shi ne matakin farko.

Duk da haka, ba a jari kaɗai ɗoki ke yin tasiri ba. Yana sauya abin da matashi ke mafarkin zama, da abin da malami ke ganin ya cancanci koyarwa, da abin da jami'in gwamnati ke ɗauka a matsayin nasara. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a reshen Jami'ar Jihar Kaduna ko a wata kwaleji, idan ya duba ya ga cewa duk wanda aka yi wa tafi a jarida mai manhajar tura kuɗi ne, da wuya ya ɓata shekara biyu yana nazarin yadda za a kare na'ura daga tsawa. Ba wanda zai ga laifinsa. Kowa ya ga inda ake rabon nama, can zai kai ƙwaryarsa. Illar ita ce hannayen da za su iya wancan aiki suna ƙaranci, alhali kasuwancin intanet ɗin kansa a bisansa yake tsaye.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna raunin wannan tushe sau da dama. A ƙarshen 2021 an katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, kamar yadda aka yi a Zamfara, jama'a suka koma tafiya mai nisa domin kiran waya ɗaya. Ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna suka rikice na kwanaki. A watan Oktoban wannan shekarar, yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake saye a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, farashin waya da kwamfuta da batir ya bi ta a guje. A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Kowanne daga cikin waɗannan ya fi yi wa mazaunin Fadan Kagoma ciwo fiye da mazaunin Ikeja, domin shi ba shi da layi na biyu da zai koma, ba shi da janareta a bayan gida.

Akwai fannoni aƙalla biyu da za a iya auna wannan giɓi da su a yankin. Na farko noma. Kudancin Kaduna ne cibiyar citta a Najeriya, daga Kachia da Kagarko zuwa Jaba da Jema'a. A daminar 2023 wata cuta ta auka wa gonakin citta, ganye ya ƙone, saiwa ta ruɓe a ƙasa, aka yi asarar da aka kiyasta a biliyoyin naira, manoma da dama suka rasa har irin da za su shuka a shekara mai zuwa. Manhajar tura kuɗi ba ta da abin da za ta tura wa wanda gonarsa ta mutu. Akwai kuwa fasahar da aka riga aka gwada a wani amfanin gona: manhajar Nuru, wadda masana na jami'ar Penn State ta Amurka suka samar tare da cibiyar IITA, tana duba hoton ganyen rogo ta gane cutar da ke jikinsa, a cikin wayar kanta, ko da babu intanet. Kafin a kai ga haka sai da aka tara dubban hotuna daga gonaki, ƙwararru suka tantance su ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan wahala ce citta ke buƙata, kuma ba wani mai zuba jari da zai biya ta, tunda manomin da zai amfana ba shi da abin saye.

Na biyu harshe. Masu rubuta Hausa sun san yadda aka daɗe ana fama kafin haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, su samu gurbi a allon waya, har yanzu kuma akwai takardun hukuma da ke fita babu su, a bar mai karatu ya yi ta canki tsakanin ƙasa da kasa. To, idan Hausa mai miliyoyin masu magana ta sha wannan, ina ga Gyong da ake yi a Kagoma, ko Jju, ko Hyam? A 2022 aka buɗe sashen Wikipedia na harshen Tyap, kuma 'yan sa-kai ne suka yi aikin, ba kamfani ba. Da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta N-ATLAS a Satumban 2025, harsunan da ta ƙunsa su ne Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin 'yan Najeriya. Mataki ne mai kyau. Amma na'ura ba ta koyon harshe sai da tarin rubutu da muryoyin da aka naɗa, kuma tattara su daga bakin tsofaffin Kagoma aiki ne da agogo ke bi, domin masu ainihin harshen ba za su jira ba.

Idan kasuwa ba za ta ɗauki wannan kaya ba, a bayyane yake wanda ya rage. A takarda dai gwamnati ba ta yi barci ba. Tun 2013 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin fifita kayan fasaha na cikin gida, an biyo da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 a 2017 da mai lamba 005 a 2018, a Mayun 2025 kuma Majalisar Zartarwa ta amince da manufar fifita kayan Najeriya a sayayyar gwamnati. Dokar sababbin kamfanonin fasaha da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Oktoban 2022 ta tanadi asusun tallafi da sassaucin haraji. Ministan Sadarwa Bosun Tijani, wanda shi kansa daga cibiyar CcHUB ta Legas ya fito, ya ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, tare da aikin shimfiɗa igiyoyin intanet na kilomita 90,000. Abin dubawa shi ne ko nawa daga cikin miliyan ukun za su fito da sanin haɗa sola da batir yadda ba za su ƙone ba, ko ɗaure turke da kare shi daga tsawa, ko rubuta manhajar da za ta yi aiki a asibitin ƙauye babu sabis. Igiyar intanet za ta iya isa Kafanchan ta tsaya a bakin titi, idan babu wanda zai kai ta Fadan Kagoma ya kuma zauna yana kula da ita.

Sayayyar gwamnati ita ce makamin da ya fi kaifi, kuma shi aka fi yin sakaci da shi. Abin da Solo ta rasa shi ne mai saye da yawa a karon farko. Da a ce wata ma'aikatar ilimi ko ta lafiya ta ɗauki alkawarin sayen na'ura dubu biyar, bisa sharaɗin ta jure ƙura, ta yi aiki da sola, a kuma iya gyara ta a garin da take, da lissafin ya sauya. Maimakon haka, an saba ganin ana raba wa makarantu kwamfutoci a bikin da aka gayyato 'yan jarida, bayan shekara guda a tarar da su jibge a ɗaki an lulluɓe da leda, saboda ba wuta kuma ba mai gyara.

Yanzu yankin ya samu sabuwar dama. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta mayar da tsohuwar Jami'ar Nok ta zama Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace da ke Kachia, ta kuma amince da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, a asibitin da ke ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan asalin Fadan Kagoma. Jami'a mai neman abin bincike da asibiti mai buƙatar ajiye bayanan marasa lafiya ko da wuta ko babu, ga su a yanki ɗaya, ga kuma gonakin citta a tsakaninsu. Asusun TETFund na da kason bincike da aka ware domin irin wannan. Tsarin karatun da sabuwar jami'ar za ta shimfiɗa wa ɗalibanta na farko, da irin ayyukan da za ta nemi kuɗin bincike a kansu, su ne za su nuna ko za ta ɗora daga inda Bayan Loco ta tsaya, ko kuwa za ta riƙa yaye matasa ne tana saka su a motar Legas.